Darar Haruffa da Kwanon Nama

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Jigon yau tafkunan duniya. Na gama kafin azahar, sai layi ɗaya da ya gagare ni. Ashe tafkin da ya fi kowanne zurfi yana ƙasar Rasha, Baikal sunansa. Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a firamaren Roni, ban taɓa faɗa wa yara wannan ba, don ni ma ban sani ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda na ga shi ne aikina yanzu. 'Yata Bahijja ce ta kawo mini da ta zo daga Abuja duba ni. Kalanda ce mai kauri kamar bulo, kowace rana da takardarta. A jikin takardar an zana ƙananan gidaje, farare da baƙaƙe, ga tambayoyi da Turanci a gefe. Wasu amsoshin a kwance ake rubuta su, wasu a tsaye, harafi ɗaya a gida ɗaya, kuma dole su dace a inda suka gitta juna. Kowace rana da jigonta. Amsoshin yau suna bayan takardar gobe, har da ɗan bayani. Ta faɗi sunan abin da Turanci, ni dai darar haruffa nake ce masa.

Ta ce, "Baba, zai ɗebe maka kewa." Ban ce mata ina kewa ba.

Na huɗu a kwance: tafkin Afirka da ƙasashe huɗu suka kewaye. Wannan ko tunani ban yi ba, Chadi ne. Daga wajen can kakana ya taso da jakinsa, ya tsaya a nan don ya ga duwatsu, abin da bai saba gani ba. Haka aka ce.

Gidajen sun yi wa hannuna ƙanƙanta. Harafi ya kan tsallake ya shiga gidan maƙwabci. Ni da nake sa yara su sake rubuta shafi guda saboda wutsiyar harafi ta sauka ƙasan layi.

Talata, 9 ga Satumba

Takardun watannin da suka wuce na ba Fatu mai ƙosai ta riƙa naɗi da su. An yi ruwa da hantsi. Ba wanda ya shigo.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau ma ban fita ciyayya ba.

Ina jin su daga nan. Tabarmar a ƙofar zaurena ake shimfiɗa ta tun zamanin mahaifina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Bayan magariba kowane magidanci a layin nan ya fito da kwanonsa. Babba shi ke fara sa hannu, shi ke tsince naman da ke cikin miyoyin gidaje ya tara a kwano ɗaya, ya raba daga babba zuwa ƙarami. Ba wani nama ba ne, yanka biyu daga nan, ganda daga can, wata rana busasshen kifi. Amma ba a taɓa shi sai babba ya raba. Malam Baraka ne yake yi har ya rasu bayan Babbar Salla. Da aka share makoki aka waiga, ba wanda ya girme ni. Ban san lokacin da aka tafi aka bar ni a gaba ba.

Na yi ta yi ina ɓoye hannuna na dama da ya fara karkarwa, ina dafa shi da na hagu. Ran nan cikin watan jiya ya fizge. Kwanon miyar kuka ya kife a kan farar rigar Alhaji Muhammadu Lawal, naman ya zube a ƙasa, a cikin rairayi. Ba wanda ya yi dariya. Wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi rasuwa. Alhaji Lawal, mutum mai jikoki, yana kakkaɓe riga yana cewa, "Ba komai, Malam, da ma wanki za a kai ta." Washegari na ce mura nake yi. Murar ce har yau.

Masallaci ina zuwa, hannu a cikin riga. "Malam, ya jiki?" "Da sauƙi." Shi ke nan.

Nafisat, matar Musaddiƙ ɗan ƙanena, ita ke yi mini tuwo tunda mijinta yana can Legas da mota. Sashensu yana baya. Tun da na daina fita, kowace magariba sai ta shigo da wani ƙaramin kwano ban da nawa, ta durƙusa ta ce, "Baba, in ji su Alhaji Lawal." Nama ne a ciki, kala-kala. Rabon majiyyaci ke nan. Sun mai da ni abin tausayi. Na kan ɗauki ɗaya mai taushi saboda haƙora, in ce ta kai wa yaranta sauran. Ranar farko ta tsaya kamar za ta yi magana, sai ta ce to.

Asabar, 13 ga Satumba

Jigon yau halittun teku. Akwai wata dabba mai hannu takwas, wai zuciyarta uku ce. Uku! Na karanta bayanin sau biyu, na cire tabarau na goge na sake dubawa. Sai na ji na ɗaga kai na ce, "Kin ji wani ikon Allah kuma." Matata Zubaida nake wa magana. Damina biyu ke nan da rasuwarta, amma har yanzu in na ji abin mamaki ɓangaren ɗakinta nake juyawa.

Da tana nan da ta ce, "To Malam, sai me? Ana miya da ita?" Ba ta taɓa yarda wani abu ya burge ta a gabana ba. Sai daga baya in ji tana ba matan maƙwabta labari, har da ƙari.

Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na fara faɗa wa ladan. Ya ce, "Allahu akbar, haka ne, Malam." Ban ma kai ƙarshe ba. Kome na faɗa yanzu haka ne. In na ce jaki yana tashi sama, haka ne, Malam.

Lahadi, 14 ga Satumba

Manyan biranen ƙasashe. Na ci duka. Ba wanda ya sani.

Laraba, 17 ga Satumba

Bahijja ta bugo. "Baba, kana cin abinci?" Ina ci. "Kana fita wajen mutane?" Ina fita. Masallaci ai waje ne, ban yi ƙarya ba. Ta ce muryata ta yi ƙasa, na ce waya ce. Ta sake tayar da maganar in koma wajenta. Na je sau ɗaya, bene hawa uku, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Na ce a bari a gama kaka. Ba ni da gona yanzu, ta sani, amma ta ce to.

Jigon yau abincin ƙasashe. Mutanen Sin da 'yan sanduna biyu suke cin shinkafa. Wannan na daɗe da sani, amma yau ne na yi tunanin da can aka haife ni da yunwa ta kashe ni. Na yi dariya ni kaɗai. Dariya a ɗaki ba kowa wani irin sauti gare ta, ban so shi ba.

Wandona yana zamewa. Na ƙara ɗaure mazagi. Tuwo ba ya wucewa in mutum shi kaɗai ne, ko me ya sa.

Litinin, 22 ga Satumba

Ban so jigon yau ba. Cututtukan da aka sa wa sunan likitocin da suka fara bayyana su.

Na tara a tsaye: ciwon karkarwar jiki, wanda wani likitan birnin Landan ya yi bayaninsa a shekarar 1817. Gida tara.

Na san shi. A asibiti a Kazaure na ji shi, ranar da Bahijja ta kai ni. Likitan ya sa na miƙa hannu, ya sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo, sannan ya juya wajenta ya koma Turanci. Ya ga tsoho da rawani da sanda, bai zaci zan ji ba. Ni da Turawa suka koya wa Turanci da bakinsu tun ba a haifi uwarsa ba. Na ji kome. Ba ya warkewa, magani yana rage shi ne kawai, kuma yana ƙaruwa a hankali. A mota ta ce, "Baba, ya ce gajiya ce da shekaru." Na ce Allah ya sawwaƙe. Ita tana ɓoye mini, ni ina ɓoye mata na ji. Haka muka dawo Roni muna hirar tsadar taki.

Na cike duk na kwance. Haruffan da suka gitta suka fara fito da sunan da kansu, harafi nan, harafi can, kamar mutum yana leƙowa ta tsagar ƙyaure. Na ajiye fensir.

Bayanin yana bayan takardar gobe. Ba na bukata.

Talata, 23 ga Satumba

Ban yage takardar jiya ba sai da la'asar. Ban juya bayan ta yau ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Taurari. Zara, wadda muke cewa matar wata, wai kafin ta juya sau ɗaya a kan kanta ta riga ta gama zagaya rana. Wato wuninta ya fi shekararta tsawo. Na fahimci wannan fiye da yadda mai rubuta tambayar yake zato.

Muryoyin da ke kan tabarma sun ragu. Na kasa kunne. Ban ji tarin Ɗayyabu tela ba, ban ji mai shagon kusurwa ba. Waɗanda suka fito ma ba su daɗe ba, ba hira, sai ƙarar kwanuka, sai a tashi lafiya. Da can sai an kira isha ake naɗe tabarma. A wasu unguwannin an daɗe da dainawa, kowa ya shige ɗaki da kwanonsa da wayarsa. Tamu ce ta rage. Idan ta mutu a ƙofar gidan nan, a hannuna ta mutu.

An fara yankan gero. Ina jin amalanke suna wucewa.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Daudu Na'Allah ya dawo. Tun farkon damina yana can wajen Gwiwa da shanu. Bayan an sauko daga masallaci ina kwance sai na ji sanda tana dukan ƙyaure.

"Salamu alaikum! Ina bawan nan nawa? An ce mini ka shiga takaba!"

Na ce, "Wa ya buɗe wa ɗan Fulani ƙofa? Nafisat, ɓoye kanwa da gishiri."

Tun muna samari muke wannan. Shi Bafillace, ni jikan Barebari, ba abin da ba ma faɗa wa juna. Duk garin nan shi kaɗai ya rage da zai shigo mini ba tare da ya rusuna ba.

Ya zauna a bakin gado, ya miƙo hannu, na miƙa na hagu. Ya ƙi karɓa. Ya kamo na daman ya ɗaga shi sama yana kallo kamar mai taya akuya a kasuwa.

"Kai! Wannan ai asara ake yi. Ka zo ruga mu ɗaura maka goran nono, kafin la'asar mai ya tashi, mata su huta."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, har hawaye. Ban san ko duka na dariya ba ne. Tun da abin nan ya fara, shi ne mutum na farko da ya dube shi ya kira shi.

Ya ga takardar a kan tabarma, ya ce wane hatimi nake zanawa, wa zan sabauta. Na yi masa bayani. Jigon yau kuwa kamar an san zai zo, madara da cuku. Na ce a ƙasar Mongoliya goɗiya suke tatsa, su bar nonon ya yi tsami su sha.

"Goɗiya? Matar doki?"

Na ce ita.

"Ƙarya kake, Babarbare. Wa zai tsuguna a ƙarƙashin goɗiya ya tashi da haƙoransa?"

Na nuna masa takarda. Ya ce takarda ai mutum ne ya rubuta, mutumin ma wataƙila Babarbare ne. Muka yi ta yi har na ji muryata tana fita kamar a aji. Na manta yadda gardama take da daɗi.

Da zai tashi sai ya tsaya yana duba ni sama da ƙasa.

"Abin da ya ba ni mamaki, mutum ya cinye naman unguwa guda amma ko kumatu bai yi ba."

Na ce wane nama.

"Kwanon da ake aiko maka. Kai a ganinka sadaka ce? Don ka raba ne ka mayar musu! Lawal ya rantse ba zai sa hannu a rabo ba kana numfashi a bayan katanga. Ranar farko suka zauna suna jira har tuwo ya huce, sai ga kwano ya fito a wanke tas. Suka dubi juna. To wa zai shigo ya ce, Malam ina namanmu? Washegari kuma in ba su aiko ba, ka ce sun yi kyauta sun janye. Tun ran nan gaya suke ci da romo. Ɗayyabu ya ce shi dai gara ya ci a ɗakinsa, ko ganda ya samu."

Ya faɗi haka yana dariya, yana riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Na ce Nafisat fa, ta sani? Ya ce, "Surukarka ce za ta buɗe baki ta ce Baba ka yi kuskure? Ku mutanen gari kunya za ta kashe ku da yunwa."

Na ce ya tsaya a yi magariba. Ya ce shanu ba su san takaba ba, gobe zai wuce da su wajen Kanya Babba, an yanke gero can, akwai kara. Ya tafi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ban buɗe darar ba. Da Nafisat ta shigo da kwanon na kasa kallonta, ita ma ta kasa kallona. Na ce ta mayar musu yadda yake, ta ce da Alhaji Lawal ya raba. Ta dawo da shi. Wai ya ce a ba Malam haƙuri, ba zai iya ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na raba a ɗaki.

Na sa ta kawo faranti, na ce ta jira a tsakar gida. Na tambaye ta su wa suka fito, ta faɗa ta bayan labule. Na jera kashi-kashi a gefen farantin, na Alhaji Lawal a wajen da fenti ya ɓare don a san mafari, sauran su bi dama. Yanka ɗaya ya kuɓuce sau biyu. Ba mai gani, sai na ɗauka na mayar. Na daɗe a kai, tuwonsu ya huce, na sani.

Da ta fita da shi sai na ji muryar Alhaji Lawal ya ɗaga ta yadda za ta tsallako katanga: "Mun gani, Malam. Allah ya ƙara girma, Allah ya ba da lafiya." Sauran suka ce amin.

To ga hanya ta samu. Su sami namansu, ni in sami rufin asirina. Kowa ya huta.

Na ci loma kaɗan. Suna ta hira a waje, ban ji abin da ake cewa ba, sai dariyar.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ashe Daudu bai bar gari ba sai da ya baza maganar goɗiya. Nafisat ta dawo da faranti ta tsaya tana murza gefen mayafi. "Baba, wai in ji su, da gaske ne ana shan nonon doki? Ɗayyabu tela ya ce Daudu ne ya ƙirƙira." Ashe Ɗayyabu ya dawo.

Na ce ta ce musu gaskiya ne, kuma goɗiya ake cewa.

Ta je ta dawo. "Wai yau kuma me takardar ta ce?"

Jigon yau ƙarafa ne, ba abin da zai shiga kunnensu. Na ba ta na dabbar teku mai zuciya uku, wanda na daɗe ina ajiye da shi. Na ji lokacin da ta faɗa ta bayan ƙyauren zaure. Wani ya yi salati. Wani ya ce to idan ɗaya ta tsaya sauran biyun su ci gaba ke nan? Tambaya mai kyau. Da a aji ne da na sa an tafa masa. Ban san amsar ba, kuma ba wanda ya shigo ya tambaye ni.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kullum yanzu faranti ya fita da nama da labari ɗaya. Na lura da safe ina cike gidajen ina zaɓen wanda zan aika.

Na yau dabbobin dawa. Ƙashin wuyan raƙumin dawa guda bakwai ne, daidai da na mutum. Na faɗa wa Nafisat sau biyu, a hankali. Ta ce ta riƙe.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Abin da ya faru ba shiri ba ne, ina so in rubuta wannan tukuna.

Bayan magariba ina zaune ina jiran a shigo da kwano, sai na ji Alhaji Lawal yana ba wani baƙo labarin jiya. Da ƙarfi, da tabbaci. "Malam Sabiru ne ya faɗa, a littafi yake. Wuyan mutum da na raƙumin dawa tsawonsu ɗaya, fata ce kawai ta miƙe." Baƙon ya ce ikon Allah. Ɗayyabu ya ce shi ma ya taɓa jin haka.

Da sunana! Gobe a kai shi kasuwa, jibi a ji shi a Kazaure, a ce tsohon hedimasta ne ya faɗa. Ban san lokacin da na ɗauki sanda ba.

Da na fito zaure duk suka yunƙura za su miƙe. "Malam! Sannu da fitowa. Sannu, Malam." Aka matsa, aka kakkaɓe wajena. Yana nan a jikin bango, ba wanda ya zauna a kai. Na ce ba zama zan yi ba, gyara zan yi in koma. Amma ƙafa ba ta tsayuwa, sai na zauna.

Na ce, "Alhaji Lawal, ba haka na ce ba. Yawan ƙasusuwan ne ɗaya, ba tsawonsu ba. Bakwai nan, bakwai can. Naka kowanne ɗan guntu ne, nasa kowanne ya fi tafin hannuna tsawo har da yatsu." Na ɗaga hannu ina nuna musu. Sai da na gama na ga wane hannu na ɗaga. Yana sama a gaban fitila yana ta abinsa, kowa yana gani.

Ɗayyabu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to wa ya ƙirga? Wa ya kama raƙumin dawa ya tsaya masa?" Na ce matacce ake dubawa. Ya ce to na mutum fa, wa ya ba su? Aka yi caa. Ina cikin ba shi amsa na duba gabana, ashe an turo kwanon. Ban ga wanda ya turo ba.

Ido duk ya dawo kaina.

Na yi bisimilla. Na farko ya isa gaban Alhaji Lawal lafiya. Na biyu ma, da ƙyar. Na uku ya kuɓuce, ya faɗi a kan tabarma, ya gangara ya tsaya a tsakiya. Kawuna suka fara sunkuyawa, irin na ran nan. Na ji zuciyata tana cewa tashi ka shiga.

Sai na ji bakina ya ce, "Wannan rabon tabarma ne. Ta girmi wasunku, kuma ba a taɓa ba ta ba."

Ɗayyabu ne ya fara. Ya so ya danne, abin ya fito masa ta hanci. Sai baƙon, sai kowa, har Alhaji Lawal yana share ido da hannun riga. Wani ya ɗauke yankan ya hure ya ce shi wakilin tabarma ne. Na gama rabon. Ya ɗauki lokaci, ba wanda ya karɓe ni, kuma na gode da ba a karɓe ni ba.

Miya ta zuba mini a gaban riga. Na cinye malmala guda, har na taɓa ta biyu.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ba wai na koma ba ne. Ina dai fita saboda in aka bar su da saƙo ɓata shi suke yi.

Jigon yau jiragen ruwa. Ban gama ba, na bar layi uku. Ba gagara ta suka yi ba sosai, na ga dai gara in fassara musu su yi ta harbi a iska. Ba mai jin Turanci a cikinsu, kuma ba su taɓa cin ko ɗaya ba. Jiya Ɗayyabu ya ce mini, "A'a Malam, wannan kam ban yarda ba." A gaban mutane. Yaron da na koya wa baƙi da wasali.

Hannun yana nan yadda yake. Da safe ya fi.

Nafisat ta leƙo yanzu tana tambaya ko a ɗaki za ta ajiye tuwon. Na ce ta dai kai waje, ciki akwai zafi.